Jan Ƙyallen Bappa Cindo

Kowace Alhamis, kafin a fara lodin shanu a kasuwar Maigatari, Bappa Cindo, sarkin tasha, yana zagaya tireloli da sandarsa. Ya ƙwanƙwasa taya, ya leƙa ƙofar baya, ya dubi idon direba ko ya yi barci. Shi ke cewa wannan ta matso, waccan ta jira. Tsofaffin biranen bakin teku suna da mai irin wannan aiki, wanda jirgi ba ya tashi sai da yardarsa. Namu tekun rairayi ne, amma hatsarin ɗaya.

Dokarsa kowa ya san ta: in ya ɗaura jan ƙyalle a darbejiyar bakin tasha, mota ba ta fita. Mutane na cewa aljanu ke gaya masa. Ni kam ban taɓa yarda ba.

Daminar bara ya ɗaura ƙyallen, ga rana fes. Haladu direba, ɗan maƙwabciyata Larai, ya gama lodi zai tafi Legas.

"Bappa, wane ruwa kuma? Ko aljanun ne ke jin ƙishi?"

"Ɗan nan, motoci nawa ka ga sun shigo daga Gagarawa tun safe?"

Haladu ya duba titi, wayam.

"To ni ma ban ga ko ɗaya ba, waya kuma ba ta shiga. Ranar kasuwa fa! Sauke shanun nan ka ba su ruwa."

Ya sauke yana ƙunƙuni. Da la'asar wani ɗan acaɓa ya iso jiƙe da laka, ya ce ruwa ya cinye kwalbati a bayan wata kwana, inda mota mai kaya ba ta iya birki. Labari ya riga ya isa Gumel, inda muke zaune, Larai kuwa tana zaton Haladu ya bi hanyar. Larai ta zo tasha ba takalmi, ta tarar da ɗanta a gindin darbejiya yana shan fura. Sai ta zauna a ƙasa.

Bappa, kai ne makiyayin motoci. Kai ne kake ƙirga waɗanda ba su zo ba, alhali kowa na ƙirga waɗanda suka zo. Yanzu gwiwa ta gaza, ka miƙa wa mataimakinka Sha'aibu ƙyallen, kuma mun ga ka koya masa kallon hanya. Hankalinmu ya kwanta.

Allah Ya saka maka. Ku masu riƙe da tashoshi, ku daina cewa aljanu. Ku fito bakin titi ku duba.