Kalmar Da Muke Kama Iyaye Da Ita

Ni tela ce a Gyadi-Gyadi kafin in zama abin da na zama. Karatuna bai wuce firamare ba. Maigidana Adaidaita Sahu yake ja, 'yarmu ɗaya, Ilham.

Wata rana wani mutum fes-fes, ana ce masa Malam Kabiru, ya kawo mini ɗinkin fararen riguna irin na likitoci. Wai yana da darasi na musamman a wani bene a Tarauni, na 'yan sakandare masu son karatun likita. Da na kai masa ɗinkin, ban ga komai a ɗakin ba sai benci da allo. Ya ce, "Maman Ilham, kina da baki. Ki riƙa shiga gidaje kina cewa ƙanwarki ta nan ta bi ta zama likita." Na ce ba ni da ƙanwa. Ya yi dariya ya ce, "To yau kin samu." Ya yanka mini kaso a kan kowane yaro, ni kuwa kwaɗayi ya rufe mini ido.

Na lura ba takarda ke sa iyaye su biya ba. Da yarinya ta shigo sai mu sa mata rigar, a ɗauke ta hoto, in ce, "Sannu da zuwa, Dakta." Uwa ta ji an kira 'yarta Dakta, magana ta ƙare.

Haka na yi wa Rumaisa, 'yar maƙwabciyata Inna Talatu mai ƙosai. Kuɗin jarrabawar gama sakandare suka kawo, don na rantse musu takardar shaidarmu ta wadatar. Ranar da 'yan ajinta suka zauna jarrabawa, ita tana kan bencinmu, tana jiran malamin da bai zo ba.

Bakina ne ya tona mu. A gidan suna a Darmanawa na ce ƙanwata ta gama likita a shekara biyu. Wata nas ta ajiye cokali ta ce, "Baiwar Allah, a wace jami'a?" Kafin sati 'yan sanda suka zo. Malam Kabiru ya tsere, ni da kowa ya san ƙofar gidana aka kama. Wata tara na yi a gidan yari. Aka yaye Ilham ba na nan.

Da na fito na je na durƙusa. Inna Talatu ta ce Allah Ya yafe mana, ta ci gaba da suyarta. Rumaisa ta ce, "Na yafe, Anti. Shekarar ce dai ba ta dawowa."

Na tuba, amma na gaji da sunkuyar da kai a layinmu. Kada wanda ya ara wa maƙaryaci bakinsa kamar yadda na yi. Ku kuma 'yan makaranta, kafin a biya ko sisi ku tambayi malaminku na aji. Ku je wajen darasin ba tare da sanarwa ba, ku ga ko ana karatu. Ku ce a nuna muku wanda ya gama, ido da ido. Duk wanda ya ce ku bar jarrabawa, ku guje shi. Kuma kada ku sakankance don wadda ta kawo zancen maƙwabciya ce. Ni ma maƙwabciya ce.