Injin da Ya Ci Butar Kakanmu

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki, ita ce shekarar da Baba da wansa suka daina gaisawa. Har yau in na ji warin dalma a wuta, can zuciyata take komawa.

Baba gyaran injin ban ruwa yake yi wa manoman Bakolori. In an idar da La'asar kuwa, sai ya zauna a zaurenmu na Talata Mafara, gaban tsohon keken ɗinki da ya mayar abin feƙe ƙarfe. Ƙafa tana takawa, hannu yana riƙe da magagari, garin tagulla yana zuba a kan buzu. Ɗan inji yake ƙerawa wanda tururi zai juya. Ba na sayarwa ba ne, sha'awa ce kawai. Fistin ɗin, ɗan ƙarfen da tururin zai riƙa turawa, bai kai ɗan yatsa ba, amma damina guda ya yi yana goge shi.

Tukunyar tururi ce ta gagara, duk gwangwanin da ya ɗora sai ya tsage. Sai idonsa ya faɗa kan butar alwalar kakanmu, ta tagulla, wadda ba a raba a gado ba, aka bar ta amana a gidanmu. Ya huda ta, ya liƙa mata bututu. Injin ya tashi, mu yara muka yi ta tsalle.

Ranar kasuwa Baffa, wan Baba, ya zo daga Bakura, ya tarar da butar a kan garwashi.

"Butar Malam ce ka aza ma wuta don abin wasa?"

"Yaya, ajiye take, ba mai taɓa ta."

"To ni ban yahe rabona ba."

Ko ruwa bai sha ba ya fita. Salloli suka yi ta wucewa ba ziyara. A jana'iza ma kowa da gefen sahunsa. Baba bai sake kunna injin ba, ya kuma kasa wargaza shi. Yau da butar roba ta cika gidaje, in ta fashe a jefar, yarana ba su gane abin da ya raba dattawan nan ba.

Sai da tsufa ya sa hannun Baba ya fara rawa, tsoron haƙƙi ya kama shi, ya kwance bututun, ya toshe hujin da dalma. Ni na goya shi a babur zuwa Bakura.

Baffa ya cika ta da ruwa, ya ɗaga, ya duba gindinta.

"Tana ɗiga."

"Hannun ya tahi, Yaya."

Baffa ya tsuguna ya yi alwala da ita haka nan, sannan ya miƙa wa Baba sauran ruwan.

"Yi maza kahin ya ƙare. Na yahe."