Tsohon da Ke Neman Alamarsa

Duk Asabar, a filin bajekolin tsofaffin motoci na Detroit, sai ka ga wani tsoho da koɗaɗɗiyar hular kamfani. Gwiwoyinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, amma haka yake durƙusawa yana haska ƙarƙashin kowace mota ƙirar 1970.

"Kawu, budurwa ka ɓoye a nan?" in ji Lamar, mai jar motar da tsohon ke leƙawa.

"Kai, yaro! Da muna ƙera waɗannan, kowa yakan bar alamarsa da fenti. Tawa nake nema."

Da gani ya daɗe yana nema. Yau ya ga wata alama a ƙarƙashin jar motar, amma ba tasa ba. Yana shafa ta yana dariya.

"Ta Otis ce, ragon nan! Karɓa-karɓar aiki muke yi da shi a kamfanin. In tasa ta kai yau, tawa ma tana nan."