Rabon Ungulun Mma Adiza

Ranar Babbar Sallah ta shekarar da na shiga aji uku, ina tsugune bakin famfo ina wanke hanjin rago, sai inuwa ta gifta ta kaina. Ungulaye ne suka sauka kan kwanon ɗakin Mma Adiza, maƙwabciyarmu mai koko, suna takawa ƙwaram-ƙwaram. Ta fito da tasa, ta bi gida-gida tana karɓar tarkacen layya da za a zuba a kwata, ta kai musu fili bayan masallaci. "Ku bar musu rabonsu," haka take cewa duk shekara.

Ita da ƙawayenta 'yan kasuwa suna da wata 'yar ƙungiyar kula da ungulu da ko suna ba ta da shi. Ran Asabar, in mun gama shara da ɗiban ruwa, sai su katse mana wasan ampe, su tasa mu gaba muna ƙunƙuni zuwa rafin bayan Buokrom. Can muka fara ganin sheƙar ungulu a ƙololuwar rimi, muka koyi kame baki idan uwar tana kwance kan ƙwai. Samarin zango, unguwarmu, suka laƙaba wa Mma Adiza Uwar Ungulu, maza na cewa matan nan sun rasa aikin yi. Ko a jikinta, kuma ba wanda ya taɓa ba su ko kuɗin motar trotro.

Bana ƙungiyar kare ungulu da muka kafa bayan na girma ta samu tallafi da lambar yabo, aka kira sunana a babban zaure ana ta tafi. Aikin namu kuwa shi ne zaga makarantu da hotunan ungulu, don an sare rimin, gidaje sun cinye rafin, yaran zango ba su taɓa ganin mai rai ba. Na ambaci sunan Mma Adiza a jawabina, ba wanda ya san ko wace ce. Kunya ta rufe ni.

Na kai mata lambar har Asokore Mampong, inda take zaune wurin jikarta, idonta ya tafi. Ta shafa gilashin lambar, ta sa mini albarka, sannan ta ce, "To ɗiyata, ungulayen sun dawo ne?"

"Tukuna, Mma."

Ta miƙo mini abina. A zamaninta tsuntsayen na nan, kuma ba wanda ya gode mata. Ni da na kama aikin bayan sun ƙare nake karɓar godiyar. Har yau na kasa rataye lambar a bango.