Lungunan Alƙalawa da Ba a Gani

Ranar wata Asabar bayan an kai gero rumbu, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Kaka Tumba, mahaifiyar babanmu, ta tayar da gida tun ba a kunce awaki ba. Ta ce yau za ta kai mu kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, ta nuna mana inda gidan kakanninmu yake. Yanar ido ta fara cin ganinta, kuma duk zuriyarmu ita kaɗai ta san wurin. Baba ya so a bari sai an gama sussuka, ta ce ido ba ya jiran sussuka. Muka hau amalanken shanu, ni da ƙanwata Hassi da Baba, Kaka tana ta faɗa da shanun wai ba su da zuciya.

Ni dai birni aka ce mini, na zaci soraye zan gani. Da muka sauka babu komai sai gonaki, tushiyar kara, tsingaro a warwatse, da wani dogon tudu da ta ce ganuwa ce. Haushi ya kama ni, don wasan langa na baro saboda wannan. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Kaka ba ta yarda a miƙe hanya. Sai da ta kai mu wani giɓi a jikin tudun, ta ce nan ce ƙofa, ta yi sallama, sannan muka shiga. Daga nan ta riƙa shan kwana a fili fetal, dama da hagu, tana bin lungunan da kakarta ta bi da ita. Na gaji da zagaye na yanke ta tsakiyar wata gona, sai ta daka mini tsawa: “Kai angon banza, gidan mutane na kaka ratsawa! Haka anka koya maka?” Na dawo ƙafata cike da ƙarangiya, Hassi tana mini dariya.

Rana ta take, sai Kaka ta tsaya cak. Tsamiyar da take kwatance da ita babu, an sare. Ta juya gabas, ta juya yamma, ta tafi ta dawo. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Baba ya ce, “Inna, mu tahi gida, mu dawo wata rana.” Ta ce, “Wace rana? Ƙohwa za ni koma.” Haka ta ja mu muka koma giɓin nan, ta tuɓe takalmi ta ba Hassi, ta dafa kafaɗata, ta sake sallama. Wannan karon ta daina kallo, ƙafa ta bar wa jagora, tana ambaton unguwanni ƙasa-ƙasa, nan maƙera, nan mahauta. Ƙishirwa kamar ta kashe ni, amma ban isa in yi ƙorafi ba. Can ta tsaya, ta goga diddige a ƙasa, ta ce in tona. Na tona da kara, sai ga bakin tsohon ramin rini, don kakanninmu marina ne. Ta zauna dirshan ta yi musu addu’a tana hawaye, sannan ta murɗe mini kunne ta ce, “Ni na sauke, saura kai.”

Kafin damina ta zagayo ganinta ya tafi, ba ta daɗe ba ita ma ta bi shi. Yau ina cikin Sabon Birni da ’ya’yana, hanyar can kuwa ba mai bin ta da yara saboda ’yan bindiga. Kullum ina cewa bari abin ya lafa, yaran suna ta girma, ni kuma na kasa samun sukuni. Kwanan baya babban ɗana ya ce in zana masa hanyar a ƙasa. Na ɗauki tsinke na fara daga ƙofa, na wuce maƙera, na zo mahauta, sai hannuna ya tsaya. Dama ne ko hagu, wallahi ban sani ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya, don Baba ya rasu, Hassi kuwa ba ta riƙe hanyar ba. Tsorona kada gidan nan ya sake rushewa a hannuna.