Ƙwallon Ulu a Gidan Takaba

Takaba ta same ni a tsakiyar bazara, a gidan surukata a Tanut. Mijina direban babbar mota ne, yana jigilar kaya tsakanin Damagaram da Agadas, kuma a kan wannan hanyar Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mu mu uku a gidan: ni, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ƴarmu ƴar shekara shida.

Ni ba mai zama wuri ɗaya ba ce. Ko ba ni da abin saya sai na leƙa kasuwa, in ba kasuwa sai gidan suna. Ga shi an ce iyakata bakin zaure daga ciki. Sai na share tsakar gida, na zauna, na tashi na sake sharewa. Na jera kwanuka, na rushe, na sake jerawa. Inna tana kan tabarmarta da carbi, tana bina da ido, har ranar da ta ce, “Ke, ki zamna mana. Kina sa ni jiri.”

Amma ba zaman ne ya fi cina ba, yarinyar ce. Babanta in ya shigo gari yakan danna hon tun daga nesa, ita kuma ta fita a guje. An zaunar da ita an gaya mata ya rasu. Ta gyaɗa kai, la’asar na yi ta je ta zauna a dokin ƙofar zaure, inda ake hango kwalta. Duk babbar motar da ta yi hon sai ta miƙe tsaye, ta wuce sai ta koma ta zauna. Kullum haka. Ta bar wasa, tuwo sai an yi da gaske, ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya saboda zaman rana. Ina ganin bayanta daga ciki, ƙasusuwan kafaɗarta suna ƙara fitowa, raina yana ƙuna. Ƴar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in rungume ta a gaban suruka. Abin da nake iyawa kawai in ce, “Ke, shigo ciki,” ta yi kamar da bango nake.

Ana haka ƙanwata da ke karatu a Damagaram ta turo mini wani bidiyo a waya, wai in rage kewa. Ƴaƴan Turawa ne a kan ciyawa kore shar, suna tsoma ƙwallayen ulu a bokiti suna jifan juna. Ba irin balan-balan ɗin roba ba ne da ke fashewa a yar. Waɗannan da kwarashi aka saƙa su, su sha ruwa, a jefa, a sake tsomawa. Na yi tsaki. A Tanut, a bazara, inda muke jiran mai ga-ruwa tun safe ya kawo bido biyu, wato jarka biyu, wa zai yi jifa da ruwa? Na kife wayar. Can na sake ɗauka na kalli yadda yaran suke ƙyalƙyala dariya, na sake kifewa.

Akwai rigar sanyi da na fara saƙa wa mijina tun damina, shuɗiya, saura hannu ɗaya. Na ciro ta daga ƙasan akwati, na kama bakin zaren na ja kafin zuciyata ta hana ni. Zaren ya yi ta warwarowa a lanƙwashe, ina naɗe shi a yatsu. Na fara da ɗan zobe, ina ƙara ido har ya yi tumbi, sannan na riƙa ragewa na tsuke wuyan kamar na gora. Na farko ya fito kamar safar jariri. Na warware, na ninka zaren biyu don ya fi shan ruwa. Rabon da in zauna wuri ɗaya haka tun ranar rasuwa.

Inna ta miƙo hannu ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

“Wannan ba zaren rigarshi ba ne?”

Na ce shi ne, kaina a ƙasa.

“Mi za ki da shi?”

Na gaya mata. Ta ce, “Ruwan sha dai ba a taɓa mini shi. Ga ruwan ɗauraya can, wanda muke zuba ma bedi. In za a yi, a yi gindinshi, shi ma ya sha.” Bedi muke ce wa darbejiyar da ke tsakar gidanmu.

Na aika aka kira yaran maƙwabta, ina ganin in ta ji hayaniya za ta shigo. Suka zo da murna. Abin da ban tuna ba shi ne ƙasarmu ta Damargu ba ciyawar Turawa ba ce. Ƙwallon farko da ya faɗi ya tashi da yashi, kuma tsakar gidanmu cike take da ƙarangiyar da ke biyo ciyawar awaki. Jiƙaƙƙen ulu kuwa ba abin da yake so irin ƙarangiya. Wata yarinya ta ɗauka ta maka wa ƙanwarta a kumatu, sai ihu. Uwarsu ta leƙo ta katanga ta kwashe ƴaƴanta, tana cewa ita ba ta taɓa ganin gidan takaba da wasan jifa ba. Tawa kuwa ko waiwayowa ba ta yi ba.

Haushi ya ishe ni har na ɗauki ƙwallayen zan cusa a murhu. Na fasa, na zauna ina cire ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, tana sukar yatsuna. A nan na gane cewa a garinmu wannan abu ba na jifa ba ne. Sai dai a jefa a hankali, wani ya cafe kafin ya taɓa ƙasa. Kuma mai jefa wa yarinyar nan a hankali, in ba ni ba, babu.

Washegari da la’asar na ajiye kwanon ruwan ɗauraya a gindin bedi, na tsaya ina kallon Inna. Uwa ba ta wasa da ƴar fari a gaban suruka, mai takaba kuma ba ta wasa ko da wa. Inna ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta naɗe tabarmarta.

“Rana ta hana ni gani,” ta ce. “Bari in tahi ɗaka.”

Na tsoma ɗaya, na auna tsakiyar bayan yarinyar, na jefa. Ta zabura. Ruwan ya gangara kan ƙurajen, ta juyo a fusace, ta ga ni ce. Na ɗaga wani na ce, “Cafe. In ya faɗi, ƙarangiya.” Ta cafe da hannu biyu, ruwa ya fantsamar mata a fuska. Ba ta yi dariya ba, amma ta jefo mini.

Ranar daga bakin ƙofa ta yi wasan, ana hon tana sakin ƙwallon ta leƙa waje. Ni kuma kullum sai na ja baya kaɗan, in ce hannuna ba ya kaiwa, ta matso. A hankali ta baro zaure, ta wuce turken awaki. Ƙurajen suka fara bushewa. Bedin ya yi sabon toho. Inna ta bar shiga ɗaka, sai dai ta juya mana baya, tana jan carbi tana cewa awaki ne take kallo.

Wata la’asar muna gindin bedi ni da ita, ta ɗaga hannu za ta jefo, sai ga hon daga kwalta, mai tsawo, irin na mai shigowa gari daga arewa. Ban san lokacin da na juya ba, har na yi taku zuwa zaure. Ƙwallon ya same ni a kunne, ya faɗi cikin yashi.

Na waiwayo. Tana tsaye inda take, ko ƙofar ba ta kalla ba, ni take kallo. Ruwa yana bin wuyana. Ta zo ta durƙusa ta ɗauki ƙwallon da yatsu biyu, ta fara cire ƙarangiyar.

“Ba shi ba ne, Mama,” ta ce. “Tsomo wani.”