Goggo Rekiya da Yusha'u Biyu

Goggo Rekiya ungozoma ce a Kwanyawa, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Ban san shekarunta ba, ita ma ba ta sani ba. In na tambaye ta sai ta ce, "Tambayi cibiyarka." Ita ta yanke min, ita ta yanke wa 'ya'yana, ban da guda ɗaya. Shi ya sa nake kiranta uwargida, kamar yadda jika yake tsokanar kakarsa, ita kuma tana kirana miji marar cefane.

Ta haifi huɗu, babu wanda ya kai yaye. Ba ta taɓa zama ta ba ni labarin ba, a bakin mahaifiyata na ji. Bayan na huɗun ne ta fara bin surukarta gidajen haihuwa, tana riƙe mata reza da zare, har sana'ar ta dawo hannunta. Kayan aikinta ba su da yawa: sabuwar reza, ɗan kasko na gashin cibi, da wata ƙatuwar tukunya ta ruwan wankan jego wadda duk garin an san ta. Da ma'aikatan lafiya suka koya musu cewa naƙuda mai gardama ta asibiti ce, ba ta yi girman kai ba. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta, za ka ji tana ƙwala wa mai mota kira.

Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Amma ka nuna mata kowane yaro a hanya, za ta ce maka ana cirar gyaɗa aka haife shi, ko ranar da rijiyar masallaci ta rufta.

A bakin gari akwai gidan Bappa Zubairu, Fulani ne masu noma da kiwo. Bara, ana yankan dawa, ɗansa Yusha'u ya kai shanu wajen Rogo, suka faɗa gonar wani. Magana ta yi zafi, Yusha'u ya ɗaga sanda, ya karya wa mai gonar hannu. Ba wanke shi zan yi ba, ya yi laifi.

'Yan sanda suka kama shi, suka tambayi shekarunsa. Yaron dogo ne kamar giginya, ga gashin baki ya fara leƙowa. Bappa ya dawo gida, ya buɗe akwatin matarsa Ummukulthum, ya samu katin riga-kafi a cikin leda, ya kai musu. Suna dai ga shi nan, Yusha'u Zubairu. Aka lissafa, aka ce sha tara. Bappa, wanda ya san shekarun kowace saniya a garkensa amma bai taɓa ƙirga na ɗa ba, ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ya girma." Aka tura yaro gidan yari cikin manya, ya jira shari'a.

Bayan mako biyu wata mata ta zo garinmu daga Karaye, Malama Radiyya, jami'ar walwala mai bin maganar yara a kotu. Ta ce ta ga yaron, ta yi magana da shi, hankalinta bai kwanta ba. A zauren Bappa ta yi mana bayani.

"Wanda bai kai sha takwas ba, ba a haɗa shi da manya. Shari'arsa daban ake yi, ba a bainar jama'a ba. In ma an tsare shi, gidan gyaran yara ake kai shi a Kano, ya yi karatu ya koyi sana'a. Amma katin nan ya ce sha tara."

"Likita ne fa ya rubuta," in ji Bappa.

Ta shiga wajen uwar. Ummukulthum ta ce mata, "Katin ba na wannan ba ne." Ta tambaye ta na wa ne. Shiru. Ta sake tambaya. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska. Malama Radiyya ta koma Karaye ba ta gane komai ba.

Da yamma na leƙa ta katanga, na tarar Goggo tana dama kunu. Na ce, "Uwargida, ki shirya, kin yi sabon miji. Ashe Yusha'un Bappa ya kai sha tara."

Ta saki ludayin. "Wane Yusha'un?"

"Guda nawa ne?"

"Kai dai Allah ya shirye ka. Nemo mana mota, gobe za mu Rogo. Ka ɗauko takardar haihuwar Zakiyya."

Zakiyya 'yata ce. Na tambayi abin da ya haɗa ta da rigimar shanu, ta ce in rufe mata baki.

Sai da muka je wajen Malama Radiyya tukuna, ita ta nema mana rana. Goggo ba ta taɓa taka kotu ba. A bakin ƙofa ta cire takalmi, na ce mata ba masallaci ba ne, ta ce ina ruwana. Alƙali ya sa aka fitar da 'yan kallo, aka bar mu mu kaɗai. Aka shigo da Yusha'u. Ya rame, tsawon nan duk ya lanƙwashe.

Alƙali ya ce, "Iya, me kika sani?"

"Ranka ya daɗe, Yusha'u biyu ne a gidan nan. Na farko ni na yanke masa cibi, ni na kuma rufe masa ido, yana da shekara biyu, ƙyanda ta ɗauke shi. Katin nasa ne. Lokacin da aka yi masa allurar uban yana kudu da shanu, bai ma san da katin ba. Bayan shi aka yi mace. Sannan aka yi wannan, aka mayar masa da sunan. Shi ba a taɓa yi masa kati ba."

"Da me za ki tabbatar mana da shekarun wannan?"

Ta nuna ni da haɓa. "Kwana biyu ne tsakaninsa da 'yar wannan marar kunyar. Tukunya ɗaya na dafa wa iyayensu ruwan wanka, da sassafe gidan nan, da hantsi gidan can, har suka yi arba'in. Ita a gicciye ta zo, na tura su asibiti a Karaye, can aka haife ta. Tana da takarda."

Na miƙa takardar. Magatakarda ya duba ya ce sha biyar da wata huɗu.

Alƙali ya juya wajen Ummukulthum. "Ke ce mahaifiyarsa? Kin taɓa haihuwar wani mai wannan suna kafin shi? Faɗa wa kotu sunansa."

Matar ta sunkuyar da kai. Bappa ma ƙasa yake kallo.

Goggo ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Ko yana raye ba za ta kama sunansa ba, balle yana ƙasa. Ko yanka ta za a yi. Ka tambaye ta ta wata hanyar."

Alƙalin ya ajiye biro. Ya daɗe yana kallon matar, sannan ya sassauta murya. "In abin da Iya ta faɗa haka yake, ki gyaɗa kai kawai."

Ta gyaɗa. Hawaye ya ɗiga a kan tafin hannunta.

Bai tsaya nan ba, sai da ya sa likita ya duba yaron, ya kuma aika aka tambayi mai unguwarmu, duk magana ta zo ɗaya. A makon aka fitar da Yusha'u daga cikin manya. Da aka gama shari'a aka ba shi wata tara a gidan gyaran yara, Bappa kuma ya ɗauki jinyar mai gona. Mun raka shi Kano mu huɗu. Wani ma'aikaci ya karɓe shi, ya nuna mana ɗakin kwanansu da rumfar da ake koyon kafinta, ya faɗa wa uwar ranakun ziyara.

Muka kamo hanyar dawowa. Na so in tsokani Goggo, na rasa ta inda zan fara. Mun kusa Karaye, Ummukulthum ta matsa kusa da ita.

"Goggo, sha nawa suka ce a katin?"

"Sha tara, 'yar nan."

Ta juya tana kallon gonaki ta taga.

"Ashe da yanzu ya isa aure," ta ce.